Ƙididdigar Likita da Mabuɗan Gaibu

A Tumfure, kamar a sauran unguwannin Gombe, idan aka dawo da mara lafiya daga Asibitin Koyarwa na Tarayya aka ce likita ya faɗi magana mai nauyi, ba a rasa wanda zai ce cikin masu zuwa dubiya: ai likita ba Allah ba ne. Maganar gaskiya ce, babu musulmin da zai ja da ita. Abin dubawa shi ne aikin da ake sa ta. Wani lokaci akan faɗe ta don kwantar da hankalin iyali, wannan kuwa alheri ne. Wani lokaci kuma akan faɗe ta don a toshe zancen ɗungurungum, a mayar da bayanin likita tamkar shisshigi cikin ilmin da Allah ya keɓe wa kansa. To, wanda ya ce cikin mutum ɗari masu wata irin toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa kusan ashirin za su sake samun shanyewar ɓarin jiki kafin shekara biyu, shin ya taɓa mabuɗan gaibu? Ra'ayina shi ne bai taɓa ba. Hasashen da aka gina a kan ƙirge da gwaji karatu ne na yadda Allah ya saba gudanar da halittarsa, kuma mai imani yana da haƙƙin ya nemi jinsa kafin ya miƙa kansa ko na ɗansa ga wuƙar likita. Babbar hujjata tana cikin tarihin wata tiyata ta ƙwaƙwalwa wadda likitoci suka yi shekaru suna alfahari da ita, sannan ƙididdigarsu da kanta ta taka musu birki.

Ƙwaƙwalwa tana samun mafi yawan jininta ta manyan jijiyoyi biyu da suka haura ta gaban wuya, da wasu biyu ta ƙeya. Idan ɗaya ta toshe saboda kitse da daskararren jini, sashen da take shayarwa yakan shiga ƙishi, in abin ya tsananta ya mutu, sai a ga baki ya karkace, hannu da ƙafa sun saki, magana ta sarƙe. A shekarar 1967, a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, wani likita Baturke mai suna Gazi Yasargil ya yi aikin da ba a taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ya ɗauko jijiyar nan da ke bugawa a gaban kunne, mai shayar da fatar kai, ya buɗe ƙoƙon kai, ya ɗinke ta da reshen jijiyar ƙwaƙwalwa da ke gaba da wurin toshewar. Kaurin jijiyoyin bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, zaren ɗinkin bai kai gashin kai kauri ba, kuma a ƙarƙashin madubin ƙara girma ake yin aikin. Dabarar mai sauƙin fahimta ce, kamar yadda idan gada ta karye direbobi kan buɗe ratse su zagaye wurin. Hoton da ake ɗauka bayan aikin yana nuna jini yana bi ta sabuwar hanyar. Ido ya gani, hankali ya yarda, sai aikin ya bazu a Turai da Amurka da Japan, aka yi wa dubban mutane.

Sai dai sai an gwada akan san na ƙwarai. Wani likita ɗan Kanada, Henry Barnett, ya jagoranci babban gwaji a asibitoci 71 na ƙasashe daban-daban, aka raba marasa lafiya 1,377 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu tiyata, wasu aka bar su a kan magani kaɗai. Da sakamako ya fito a 1985, an ga sabuwar hanyar ta zauna a buɗe a jikin kashi 96 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki, amma shanyewar ɓarin jiki ba ta ragu a cikinsu ba, hasali ma ta fi saurin riskarsu. Masu goyon bayan aikin suka ce kuskuren yana wajen zaɓen marasa lafiya, a nemo waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke cikin ƙishi na gaske. Aka yi hakan a Amurka da wata na'urar hoto mai auna yadda ƙwaƙwalwa ke zuƙar iskar oksijin. Masu binciken, ƙarƙashin jagorancin William Powers, sun yi hasashen cewa kashi 40 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa tiyata ba za su sake kamuwa cikin shekara biyu. Da aka buga sakamakon mutum 195 a shekarar 2011, masu shan magani kaɗai kashi 22.7 ne suka kamu, waɗanda aka yi wa tiyata kashi 21, kuma kashi 14.4 na waɗanda aka yi wa aikin cikin kwana 30 na farko ciwon ya same su. Wani gwaji a ƙasar Sin da mutum 324, wanda ya fito a 2023, ya sami kashi 8.6 a ɓangaren tiyata da 12.3 a ɓangaren magani, tazarar da masu binciken suka ce ba ta isa a kafa hukunci a kanta ba. A gefe guda kuma, a cutar moyamoya, inda jijiyoyin gindin ƙwaƙwalwa ke tsukewa a hankali, gwajin Japan na 2014 da manya 80 waɗanda jijiya ta taɓa fashe musu ya nuna tiyatar ta rage sake zubar jini daga kusan kashi 32 zuwa kusan 12 cikin shekara biyar.

Wannan tarihin yana nuna abin da hasashen likita yake. Ƙirge ne na abin da ya riga ya faru ga mutane masu kama da juna, wanda ake tsammanin zai maimaitu. Malaman tauhidi da aka daɗe ana karanta littattafansu a zaurukan ƙasar Hausa sun ba wannan irin sani gurbinsa tun da daɗewa. Shehu Muhammad bin Yusuf Assanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya kasa hukunci gida uku, na shari'a da na hankali da na al'ada, ya bayyana na al'ada da cewa ƙulla alaƙa ne tsakanin abu biyu saboda yawan maimaituwa, tare da yarda cewa alaƙar tana iya saɓawa, kuma mai tasiri na haƙiƙa Allah ne. Kashi 22.7 cikin 100 hukuncin al'ada ne da aka rubuta da lamba. Shi kuwa gaibun da ƙarshen Suratu Luƙman ya keɓe wa Allah, irin sanin abin da rai zai aikata gobe da ƙasar da zai mutu, sani ne na yanke wanda ba ya buƙatar alama ko sababi. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, malamin Malikiyya na Andalus, ya bambanta su a fili, kuma Ƙurɗubi ya ciro maganarsa a tafsirinsa: likitan da ya duba wata alama a jikin mai ciki ya ce namiji za ta haifa, muddin yana nufin haka aka saba gani, ba wai dole sai hakan ta faru ba, ba a kafirta shi, ba a fasiƙantar da shi. Alamomin da likitocin wancan zamanin ke dogara da su an daɗe da ajiye su, amma ƙa'idar da malamin ya kafa tana nan daram.

Fiƙihunmu ma bai tsaya ga halatta hasashen likita ba, ya gina hukunci a kansa. A Muhtasar na Shehu Halil, wanda ɗaliban Malikiyya ke kai wa bayan Risala da Askari, an hana mara lafiya yin kyautar da ta wuce sulusin dukiyarsa idan ciwonsa yana cikin waɗanda likitanci ya hukunta cewa ana yawan mutuwa da su. A lura da ma'aunin: yawan mutuwa, a bisa shaidar masana ciwo. Ba a ce sai an tabbata mutumin zai mutu ba, domin wannan babu mai iya tabbatarwa. Haƙƙin magada, wanda Alƙur'ani ya tsare da ayoyi, an rataya kariyarsa a nan a kan zato mai rinjaye na likita. Haka kuma lokacin da aka soki Sayyidina Umar a shekara ta 23 bayan Hijira, Buhari ya ruwaito cewa an ba shi madara ya sha ta fito ta wurin raunin, sai mutane suka gane ba zai tashi ba. Umar bai zargi kowa da da'awar gaibu ba. Lissafin bashinsa ya sa aka yi, ya aika neman izinin Nana A'isha a binne shi kusa da abokansa biyu, ya naɗa mutum shida su zaɓi halifa. Hasashen da ya karɓa shi ya ba shi damar sauke nauyin da ke wuyansa.

Mai ja zai ce, to ai kai da bakinka ka nuna hasashen nan yana kuskure. An ce arba'in aka sami ashirin da biyu, an ce tiyata za ta ceci mutane ta zama ba ta ƙara musu komai ba. Me ya raba wannan da ɗan duba mai bugun ƙasa, wanda shi ma yakan dace yakan kuskure? Abin da ya raba su shi ne yadda kowannensu yake yi da kuskurensa. Likitocin da suka tsara gwajin Amurka sun rubuta hasashensu tun kafin a fara, suka amince wani kwamiti dabam ya riƙa duba sakamako, kuma da kwamitin ya ga babu alamar aikin zai yi rinjaye, aka tsayar da gwajin a 2010 kafin a cika adadin da aka yi niyya. Sannan suka buga abin da ya ƙaryata fatansu da sunayensu a kai. Masana da dama sun danganta raguwar daga 40 zuwa 22.7 ga ingantuwar magungunan hawan jini da na kitse a tsakanin shekarun, wato al'adar ce ta sauya da sauyawar sababi, ƙirgen kuma ya kama sauyin. Ɗan duba ba ya ajiye littafin waɗanda ya faɗa wa magana ta saɓa. Idan ta dace ya karɓi yabo, idan ta saɓa ya ce an karya sharaɗi ko an yi sammu. Annabi (SAW) ya yi gargaɗi mai tsanani a kan zuwa wurin boka, har hadisin Muslim ya ambaci rashin karɓar sallar kwana arba'in, alhali shi da kansa ya umarci a nemi magani, kuma hadisin Abu Dawuda ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi likitanci ba da sani ba. Ilmin da za a iya tuhumar mai shi a kansa, a auna shi a gane inda ya gaza, shi ne wanda shari'a ta yarda a jingina da shi.

Wata hujjar ta fi wannan nauyi. Mara lafiya zai ce, ni ba mutum ɗari ba ne, ni mutum ɗaya ne. Idan na shiga ɗakin tiyata ba kashi 14 na jikina ne zai shanye ba, ko dai in fito lafiya ko kada in fito, kuma wanne ne daga ciki an riga an rubuta. Wannan gaskiya ne, kuma ko na'urorin kwamfuta da yanzu ake horarwa da hotunan ƙwaƙwalwa da bayanan dubban marasa lafiya ba su kawar da shi ba. Iyakar abin da suke yi shi ne ƙunƙuntar da rukunin da za a kwatanta mutum da shi, daga masu toshewar jijiya gaba ɗaya zuwa masu irin shekarunsa da irin hotonsa da irin ciwon sukarinsa. Komai ƙanƙantar rukunin, ba ya zama shi kansa mutumin. Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya yi ciwo a Makka har ya ɗebe tsammani ya fara zancen wasiyya, sai ya tashi ya rayu shekaru masu yawa, ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya. Amma jahiltar abin da aka rubuta ba ya ɗauke wa mutum nauyin zaɓi. Da Umar ya isa Sarag a hanyarsa ta Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa cewa inda ya baro da inda ya nufa duka ƙaddarar Allah ce. Umar bai san wanda annobar za ta ɗauka ba, ya dai san shiga ya fi ƙin shiga hatsari, kuma da wannan sanin ya yi aiki. Ba a tambayar bawa abin da ke cikin Lauhul Mahfuz, ana tambayarsa abin da ya yi da sanin da aka ba shi.

Akwai kuma masu cewa faɗa wa mara lafiya irin waɗannan alƙaluma kashe masa gwiwa ne, alhali ladabin dubiya shi ne a ƙarfafa masa zuciya. Gaskiya ne akwai yadda ake faɗin magana, akwai lokacin faɗinta, kuma wanda ya ce ba ya son ji, a gaya wa ɗansa ko wansa, ya kamata a mutunta shi. Amma tiyata ba ta halatta sai da izinin mai jiki ko waliyyinsa, kamar yadda Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Jidda a 1992, inda kuma ta bayyana cewa neman magani yana iya zama wajibi ko mustahabbi ko halal ko makaruhi gwargwadon abin da ake tsammani daga gare shi. Ta yaya za a san wanne ne daga cikin huɗun idan ba a san rinjayen amfani da cutarwa ba? Izinin da aka karɓa daga wanda aka ɓoye wa cewa mutum ɗaya cikin bakwai ya sami shanyewar jiki a watan farko na aikin, izini ne da baki kawai. Idan kuma magidanci zai sayar da fili ko ya karɓi bashi don a fita da mahaifinsa Indiya ko Masar, ɓoye masa alƙaluman ya taɓa dukiyar iyali da abincin yara. Kalmar in sha Allahu ba ta ɗauke wa likita wajibcin faɗin abin da ya sani, domin an shar'anta ta ne don a jingina sakamako ga Allah bayan an faɗi gaskiya.

Ƙorafin da na fi ganin ƙarfinsa shi ne cewa waɗannan alƙaluma daga Amurka da Sin da Japan suka zo, inda abinci da asibiti da kulawar bayan tiyata suka bambanta da namu. Haka ne, kuma likita mai amana zai faɗi hakan. Amma maganin ƙarancin ƙirge shi ne ƙarin ƙirge a gida, kuma an fara. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne ke bayan kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a yankinmu. Ga kuma amosanin jini, wato sikila, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu shi, kuma shi ne ke tsuke jijiyoyin ƙwaƙwalwar yara, har wasu su kai ga irin yanayin moyamoya da ake yi wa tiyata. Tun 1998 wani gwaji a Amurka da yara 130 ya nuna cewa idan aka ɗora na'urar auna gudun jini a gefen kan yaro aka ga gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin babban hatsari, kuma ƙarin jini a kai a kai ya rage hatsarin da kashi 92. Da yake ƙarin jini kowane wata ya fi ƙarfin yawancin iyalai a nan, likitoci a Kano da Kaduna, ciki har da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada ƙwayar hydroxyurea a kan yara 220. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna shanyewar jiki ta yi ƙaranci ƙwarai a cikinsu, ko da an ba da ƙaramin awo na maganin. Wannan hasashe ne da aka auna a jikin 'ya'yanmu.

Imam Gazali, a babin tawakkali na Ihya, ya kasa sabuban kawar da cuta gida uku. Akwai na tabbas, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda barinsa har a halaka haramun ne. Akwai na zato, kamar ƙaho da shan magani, wanda yinsa ba ya warware tawakkali. Akwai kuma na wahami, wanda barinsa ya fi dacewa da mai dogaro ga Allah. Abin da Gazali bai iya yi ba a zamaninsa shi ne tantance gidan da kowane magani yake da ma'auni mai lamba, kuma wannan shi ne aikin da gwaje-gwajen nan suke yi. Sun sauko da tiyatar zagaye jijiya daga matsayin da ido ya ɗora ta, suka nuna cewa ga yawancin masu toshewar da kitse ya haddasa ba ta fi magani ba, ga wasu masu moyamoya kuwa zato ne mai ƙarfi. Sun kuma ɗaga awon hawan jini da shan ƙwayarsa kullum, da awon kan yaro mai sikila, da gwajin jini kafin aure, zuwa kusa da gidan farko. Idan namiji da mace duka masu AS ne, kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, lissafin da ya sa Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024.

Saboda haka tsarin da ake yawan gani a tsakaninmu a birkice yake. Dattijon da aka gaya wa jininsa ya hau ya ajiye ƙwaya da ya ji sauƙi, yana cewa kwana in bai ƙare ba babu abin da zai faru, ya bar sababi mai ƙarfi da arha da sunan ƙaddara. Ranar da ya faɗi kuma, iyalinsa za su bi kowace hanya mai tsada, ba tare da sun tambayi ko an taɓa auna amfaninta ba, su kira wannan ƙoƙari. Ibnul Ƙayyim ya faɗa a Zadul Ma'ad cewa watsi da sababi yana yi wa tawakkalin kansa illa, kuma na ga rungumar kowane sababi ido rufe ma haka yake yi. Wanda aka ce za a buɗe ƙoƙon kansa ko na wani nasa, haƙƙinsa ne ya tambayi likita cikin ladabi: cikin mutum ɗari irina, nawa ne ke kamuwa idan an yi aikin, nawa ne idan ba a yi ba, a wace ƙasa aka ƙirga, kuma sau nawa ake yin irinsa a wannan asibitin? Idan ya ji amsa, ya yi shawara da nasa, ya yi istihara, ya zaɓa. Likitan da ya ba shi alƙaluma ya sauke amanarsa, malamin unguwa da ya ƙarfafa shi ya je ya tambaya ya sauke tasa, shi kuma idan sakamako ya zo da abin da ba a so, yana da damar cewa ƙaddara ce da zuciya ɗaya, domin bai bar wani abu da ke hannunsa ba.